Rawanin da Muka Naɗa wa Baba a Cikin Jirgi

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu takardar da za ta gagare ni a duniyar nan, na taɓa shiga ƙaramin jirgin sama, irin wanda ba a sayar da tikitinsa, sai dai a ce na su wane ne. Sau ɗaya ke nan a rayuwata. Duk wanda ya ga hoton da na ɗauka a gindin matakalarsa, da sabuwar shadda da baƙin tabarau, zai rantse ɗaurin aure za ni. Wasunku sun sha tambayata dalilin da ya sa ba na son hirar jirgin nan, alhali rabin Zongo sun raka mu ranar. Yau dai zan faɗa, tun da maganar ta daɗe da mutuwa a wurin kowa, ban da ni.

Aikina fitar da kaya ne a tashar jiragen ruwa ta nan Lome, yawanci motocin da ake wucewa da su arewa. Na san ofishin da ake shiga da sallama, na san wanda ake zagayewa ta baya. A gidanmu ni ake kira mai takarda, ni kuma in amsa har da hura hanci. Ko katin allurar jariri aka rasa, ni ake nema.

Mahaifina mai masauki ne. Yana saurayi ya biyo shanu daga wani ƙauye da ke bayan Tawa a Nijar, ya zo Lome ya zauna, sai ziyara jefi-jefi. Ya haura shekara hamsin a nan. Zaurenmu bai taɓa rabuwa da baƙi ba, direbobi da fatake da masu neman magani. Amma abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Mahaifiyarsa ta rasu yana nan, saƙon bai iso shi ba sai bayan sadakar arba'in. Tun daga lokacin ya sa aka killace masa wuri a gefen kabarinta, a gindin wata aduwa, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba yana ce mana, "Ban rufe ta ba. Ku kai ni in kwanta kusa da ita." Mu kuwa mu ce to, irin to ɗin da ake ce wa tsoho.

Sai ciwon zuciya ya kwantar da shi. Bayan wata biyu muna jigila, likita ya ja ni gefe ya ce mu koma da shi gida, abin da ya rage addu'a ce. Na tambaye shi batun tafiya Nijar, ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce a mota ko Atakpame da ke nan cikin Togo ba zai kai ba, kuma babu jirgin fasinja da zai ɗauki mutum a wannan halin.

Ana cikin haka wani Alhaji ya zo dubiya. Mutumin nan da jaka ɗaya ya sauka a zaurenmu yana matashi, ya shekara biyu yana cin tuwon gidanmu, yanzu kuwa gidansa na Baguida sai ka yi sallama a ƙofa uku kafin ka gan shi. Ya durƙusa a gaban gadon, Baba ya kama hannunsa ya maimaita masa maganar aduwa. Alhaji ya fito tsakar gida yana share ido da hannun riga. Ya ce akwai abokin hulɗarsa da ke da ƙaramin jirgi na kai ma'aikata arewa, zai roƙe shi. Washegari ya kira ni ya ce an ba mu.

Mahaifiyata kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ita haifaffiyar Zongo ce, kuma ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Tana tsince wake a tire ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Kai, mutum da ke jan numfashi da ƙyar za ku ɗaga sama? Ku bar shi a nan inda ya san kowa, kowa ya san shi."

"Mma, shi ya ce a kai shi."

"Na ji ya ce. Shekara arba'in ina ji."

"Awa uku ce fa kawai. Kafin ki sauke tukunyar rana muna Tawa."

Ta ci gaba da tsince wakenta, ni kuma na ɗauka na yi nasara. Gaskiya ina son in cika wa Baba burinsa. Amma in na ce babu son a ce ɗan gidan wane ya kai ubansa gida a jirgin alfarma, na yi ƙarya.

A tunanina jirgin kamar motar gida ne, a zuba mai a tashi. Matuƙin ne ya sauke mini wannan girman kan. Mutumin Gana ne, dogo, mai furfura a gemu, ya tashi kusa da zongon Kumasi, saboda haka yana jin Hausa irin tasu. Na ce masa gobe da safe za mu tashi, kai tsaye Tawa. Ya yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Ɗan'uwa, wannan ba motar trotro ba ne da za a cika a tashi. Sama ma yana da masu shi."

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Kowace ƙasa da za mu ratsa samaniyarta sai ta ba da izini a rubuce. Nijar sai ta yarda mu sauka. Sunan kowa da lambar fasfonsa sai an aika tun kafin mu tashi, har da takardar likita game da mara lafiya. Sannan ba a shiga ƙasa a sauka inda aka ga dama. Dole sai mun fara sauka a Yamai, jami'ai sun gan mu sun buga mana hatimi, kafin mu wuce Tawa. Na ce ai ina da mutane, zan iya kiran wani a gaggauta. Ya ce, "Mutanenka suna bakin teku. Wannan sai haƙuri."

Kwana uku muna jiran izinin. A kwana ukun nan Baba ya daina cin komai sai ruwan koko da cokali.

Ranar tafiya da hantsi muka fito. Motoci da baburan haya na zemijan suka biyo mu tun daga Zongo, muka ratsa Agbalepedo kamar rakiyar alhazai. Mu uku ne matafiya: Baba, da ni, da baffana, ƙanen Baba, tsohon direban manyan motoci wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Lome da Yamai. A filin jirgi aka auna mu ɗaya-ɗaya kamar buhunan masara, aka auna kaya, matuƙi ya sauke garin rogo da manja da gishirin da mahaifiyata ta haɗa tsaraba. A bakin ƙofar da ba a barin 'yan rakiya su wuce ta sunkuya kan keken da Baba ke ciki.

"Malam, ka yafe mini."

"Na yafe. Ke ma ki yafe."

Iyakar abin da suka ce ke nan, ta juya ta bi cikin mata.

Jirgin kujera shida ne, ko miƙewa tsaye ba a yi sosai a ciki. Aka kwantar da bayan kujerar Baba, aka sa masa robar iska a hanci. Ni ina gefensa, Baffa na fuskantarmu, matuƙi na gaba ya ba mu baya, kunnuwansa a toshe da abin sauraro. Tsakanina da kafaɗar matuƙin bai fi in miƙa hannu ba. Da muka tashi, Baffa, wanda ya sha ba mu labarin yadda ya tsere wa 'yan fashi a daji, ya ƙanƙame kujera da hannu biyu yana salati. Baba ya buɗe ido ya dube shi, har ya ɗan murmusa. Can ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko mun wuce Atakpame. Na ce mun wuce. Ya ce alhamdu lillahi, ya lumshe ido.

Ni kuwa na juya wajen taga da wayata. Gajimare a ƙarƙashinmu, koguna kamar zare, ina ɗauka ina ta shirya abin da zan rubuta a ƙarƙashin hoton. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Sai na ji hannun Baffa a gwiwata.

"Yaro. Babanka ya tahi."

Na juyo. Bakinsa a ɗan buɗe, idonsa rabi a rufe, robar iska na ta huci ita kaɗai. Na kama hannunsa, da ɗumi. Na sa kunne a ƙirjinsa, ƙarar inji ba ta bari in ji komai ba. Na kira shi sau uku. Ban ga lokacin da ya cika ba, ban laƙƙana masa kalmar shahada ba, ina gefensa kafaɗa da kafaɗa ina ɗaukar hoton gajimare. Wannan har gobe yana ci mini rai.

Na yunƙura zan taɓa matuƙi, Baffa ya cafke hannuna. Ƙarfin da ke hannun tsohon nan ya ba ni mamaki.

"Kada ka hwaɗa ma direba."

"Baffa, ya rasu fa!"

"Na gani, ni na hwara gani. Saurara. In anka ce gawa ce, ta zama ta gwamnati. Su sa shi cikin ƙanƙara, su ce akwatin kwano, su ce kawo papiye kaza, kawo papiye kaza. Kai ne mai takarda, ƙarya nike?"

Ba ƙarya yake ba. Na taɓa ganin yadda iyalai ke sintiri a kan gawar da za ta ƙetare iyaka.

Ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Sau uku ina ƙetare iyaka da mamaci a kamiyona. A zamnar da shi, a naɗa mai rawani, a sa mai tasbaha a hannu. In zandarma ya leƙo, ka ce tsoho barci yake. Ba a taɓa kama mu ba. Da sun buga hatimi a Yamai mu wuce, kahin la'asar yana kusa da Inna. Ko so kake a ce mun kawo shi bakin ƙohwa mun kasa?"

Da a ce Baffa ya tilasta mini ne, da na samu wanda zan ɗora wa laifi. Bai tilasta mini ba. Na saurare shi, na auna, na ga dabarar ta yi, domin ni ma da irin wannan dabarar nake ci. Na ce to.

Muka shafe idanunsa. Muka ɗaga bayan kujerar a hankali har ya zauna, na ƙara ɗaure masa bel. Baffa ya ciro rawanin Baba daga jaka, ya zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓa ya ɗaure muƙamuƙin, ya naɗa saura a kai, ya ja amawali ya rufe bakin. Na cire tabarauna na sa wa Baba. Na tura filo tsakanin kansa da taga, na saƙala masa carbi a yatsu. Robar iskar muka bar ta a hancinsa tana aiki.

Sau ɗaya matuƙi ya waiwayo ya ɗaga mana babban yatsa, alamar tambaya ko lafiya. Na ɗaga masa nawa.

Fiye da awa guda muka yi a haka. Babu kuka, babu karatu a bayyane, ko inna lillahi a zuci muka yi ta. Duk lokacin da iska ta girgiza jirgin sai kan Baba ya gangaro kafaɗata, in mayar da shi kan filo. Ina jin hannunsa yana sanyi a cikin nawa kaɗan-kaɗan. Ban taɓa jin tsoro da kunya sun haɗu mini wuri ɗaya kamar a wannan zaman ba.

Tayoyi na taɓa ƙasa a Yamai, Baffa ya kunna waya ya kira ƙauye. Ya rufe baki da tafin hannu ya ce, "Ku gina kabari gindin aduwa, muna tahe." Sannan ya dube ni ya gyaɗa kai, wai saura ƙiris.

Abin da ni da Baffa ba mu lissafa ba shi ne, a bakin iyakar mota jami'i yana tsaye ne cikin rana, motoci hamsin na jiransa, ya leƙa ta taga ya ga kawuna ya ce a wuce. Nan kuwa mu kaɗai ne. Jirgi irin wannan na manyan mutane ne, saboda haka ba a sa mu layi ba, su suka taso suka same mu. Kuma matuƙin, don kyautatawa, ya riga ya sanar tun muna sama cewa akwai dattijo mara lafiya da ba zai iya sauka ba, a taimaka a zo a duba shi a ciki. Mutum uku suka hawo: ɗan sanda mai hatimi, da jami'in duwan, wato kwastan, da wata ma'aikaciyar lafiya, babbar mace mai farin mayafi.

Ɗan sandan ya karɓi fasfo, ya duba fuskata, ya duba ta Baffa. Matar kuwa ta wuce kai tsaye ta rusuna a gaban Baba.

"Baba, sannunku da hanya. Ya jikin?"

Na ce, "Barci yake, Hajiya. Ya gaji."

"Allah sarki. Bari in ji hannunsa kawai, ba zan tashe shi ba."

Ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa. Ta daɗe. Ta sa hannu ta zare tabaran a hankali, ta duba, ta mayar da amawalin ƙasa ta ga ɗaurin haɓa. Sannan ta juyo ta dube ni. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tun yaushe?"

"Yanzu... yanzu da muna sauka."

"Ɗana, wanda ya cika yanzu ba ya yin wannan sanyin. Kuma ba shi ya ɗaure wa kansa haɓa ba."

Na ga matuƙin ya cire abin kunnensa a hankali ya ajiye. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya dubi babban yatsana kamar zai tambaye shi.

Daga nan komai ya fita daga hannunmu. Ban ga laifinsu ba. Ƙaramin jirgi ya shigo daga wata ƙasa da gawa an yi mata shigar mai rai, kowa ne a kujerarsu zai yi zargi. Aka kira manya. Aka sauke kayanmu aka zazzage a ƙasa, aka buɗe kowane lungu na jirgin. Aka kwance rawanin Baba ana laluba shi taku-taku, aka laluba jikinsa, ina tsaye ina kallo. Mutumin da ko hularsa ban taɓa ganin wani ya taɓa ba. Sannan aka ɗauke shi a gadon ƙarfe aka sa a mota, ba a bar ɗayanmu ya bi shi ba.

Aka raba mu ɗaki daban-daban. Ni na nace a kan cewa muna sauka ya cika, Baffa kuma ya ce shi bai ma san ya cika ba. Aka duba wayar Baffa aka ga kiran da ya yi, aka kira lambar, mutanen ƙauye suka ce ai ga su nan a maƙabarta suna haƙa. Aka duba tawa aka ga hoton ƙarshe da lokacin da na ɗauke shi. Nan ido ya raina fata, na faɗi gaskiya duka.

Da yamma aka haɗa ni da matuƙin a wani benci. Sun karɓe takardunsa, sun hana jirgin tashi. Na ce masa ya yi haƙuri. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa abin ya faru. Na faɗa masa. Ya rufe ido yana lissafi.

"A wannan lokaci ko Kara ba mu wuce ba. Muna cikin Togo."

Ya buɗe ido ya dube ni.

"Da ka taɓa ni, sai na kira ƙasa. In kuna so na juya Lome, ku binne shi yau cikin mutanensa. In kuna so mu zo nan, likita yana jiranmu, ya rubuta ya mutu a hanya. Mara lafiya ne, da takardarsa, ba wanda zai yi mamaki. Ko kun kwana, gobe kuna garinku. Mutuwa ba laifi ba ne, ɗan'uwa. Ɓoyewa ne laifi." Ya nuna kafaɗarsa. "Ga ni nan kusa da kai."

Kwana huɗu Baba ya yi a ɗakin sanyi na wani asibiti. Har an fara maganar a buɗe cikinsa a ga abin da ya kashe shi. Wannan ne ya karya Baffa, ya zauna a ƙasa a gaban ofishin yana kuka kamar ba shi ba. Allah ya taimake mu likitan Lome ya aiko da duk bayanan ciwon, Alhaji kuma ya biyo jirgin fasinja ya zo da kansa yana shiga nan yana fita can. Bai ce mini komai ba, ko kallon banza bai yi mini ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A rana ta huɗu aka sake mu, aka ba mu gawar da izinin binnewa a nan cikin gari. In muna son wucewa da shi Tawa, sai an sake wasu takardun, a sa shi a akwatin da aka liƙe, a nemi mota, wasu kwana biyu ke nan ko uku, ga zafi. Baffa ya ce mu jira, mun riga mun sha wuyar. Ni ma na karkata can. Na kira mahaifiyata in gaya mata.

Ta saurare ni har na gama. Ina jin hayaniyar masu zaman makoki a bayanta, kwana huɗu suna zaune ba su san ranar da za su fara ƙirga uku ba.

"Kai, an yi masa wanka?"

"Ba a yi ba tukuna, Mma."

"An yi masa salla?"

"A'a."

"Kwana huɗu." Ta ja numfashi. "Mutumin da in baƙo ya mutu a zaurensa da safe, ba ya bari azahar ta same shi a waje. Ku rufe shi a nan. Wahalar ta isa."

"Mma, wasiyyarsa..."

"Na ce ta isa."

A wani masallaci kusa da asibitin aka yi masa salla bayan azahar. Liman ya yi sanarwa cewa akwai gawar baƙo, wanda ke da hali ya tsaya. Allah ya saka wa waɗanda suka tsaya, sahu ɗaya da rabi, babu wanda ya san shi a cikinsu sai mu uku. Da a Zongo ne, da sai an rufe titi. Muka kai shi wata babbar maƙabarta a bayan gari, muka sa shi a layin da aka kai ranar, tsakanin mutum biyu da ban san ko su wane ne ba.

Matuƙin na ji an daɗe kafin a mayar masa da takardunsa. Na nemi lambarsa na kira sau da yawa, bai ɗauka ba, daga baya na daina. Baffa bai ƙara ba da labarin hanya ba har ya bar duniya. Mahaifiyata kuma ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Baffa ya yi abin da ya sani ne, kuma a hanyarsa abin yana ci. Ni ne aka zaunar aka yi wa bayani, ni na ga yadda aka aika sunayenmu tun kafin mu tashi. Amma na saba da cewa duk inda ka ga jami'i, abin da za ka fara yi shi ne ka ɓoye, ko da abin da ke hannunka halal ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai ranar da faɗin gaskiya ne hanya mafi kusa ba. Har yanzu ina aikina a tasha, kuma ba zan ce muku na zama waliyyi ba. Sai dai in aka kira ni mai takarda, ba na amsawa.

Sai da aka shekara biyu na iya zuwa ƙauyen, a mota wannan karon. Wani tsoho, ɗan'uwan Baba, ya raka ni maƙabarta. Ga aduwar, ga kabarin kakata ya kusa shafewa, ga wani a gefensa da bai tsufa ba. Na tsaya ina kallonsa.

Tsohon ya ce, "Kwana biyu muna gadin ramin, mun ruhe shi da tabarma da ƙaya. Ran na uku wata tsohuwa ta rasu a unguwar gabas. Liman ya ce ba a barin kabari baki buɗe ga mamaci na jira. Sai munka sa ta."

Ya koma gefe ya ba ni wuri. Na tsuguna tsakanin kaburburan biyu, na yi wa tsohuwar addu'a, don ba ta da laifin komai. Da na juya wajen kakata sai na kasa fara addu'ar. Na daɗe a tsugune. Daga ƙarshe na buɗe baki na faɗa da ƙarfi, har tsohon ya waiwayo.

"Inna, ɗanki ya rasu. Yana Yamai. Ba zai zo ba."